Tumatirin damina da fili taku goma a Jos: me za a shuka, kuma yaushe?

*"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Rikkos, nan cikin Jos, mu takwas ne a gida har da yara. Bayan ɗakunanmu akwai ɗan fili da ba a yi wa siminti ba, bai fi taku goma a tsaye, shida a kwance ba. Ganin yadda kayan miya suka yi tsada, damina biyu ke nan ina shuka tumatir da kabeji. Tumatirin yakan taso da kyau har ya yi fure, da an shiga Agusta sai ganyen ya yi baƙi, 'ya'yan su ruɓe a jikinsa. Kabejin kuwa tsutsa ce ta cinye. Maigida ya ce ba ni da hannun shuka ne, a kafa mangwaro a wurin a huta. Ni kuma ina son yara su riƙa samun ganye da 'ya'yan itace a gida. Ruwanmu na rijiya ne, kuma tana ja baya sosai a watan Maris. Me zan shuka, yaushe, kuma wane itace ya dace?"*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Abu uku kika haɗa: mene ne ke kashe tumatirin, me fili taku goma da rijiya mai ja baya za su iya ɗauka, sannan wane itace za a kafa. Kafin komai a gaida maigida, a ce masa na ce hannunki lafiyarsa lau. Irin da ya tsiro, ya yi ganye, har ya kai ga fure, ai ya gama ba da shaida a kan mai shukar. Abin da ya biyo baya aikin marka ne. Ko tsofaffin 'yan lambu da suka yi furfura a sana'ar, idan suka bar tumatir a sarari cikin Agustan Jos ba feshi, abin da kika gani shi za su gani.

Abin da ke ƙona ganyen

Jos tana bisa tsauni, kusan mita 1,200 sama da teku. Shi ya sa muke da sanyin da Kano da Abuja ba su da shi, shi ya sa kuma karas da latas da dankalin turawa suke yi a nan. Ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,300 ko fiye, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta ne. A waɗannan watanni biyu sai a wuni ba a ga rana ba, ga yayyafi, ga hazo da safe, ganye ya kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe. Akwai wata cuta dangin fumfuna da ba abin da take jira sai sanyi ya haɗu da laima irin haka. Takan fara daga tsinin ganye ko gefensa, tabo mai duhu, jiƙe-jiƙe. Idan kika juya ganyen da sassafe kafin rana ta taɓa shi, za ki ga farin gashi-gashi siriri ya zagaye tabon ta ƙasa. Daga nan kara ya yi baƙin zane, ɗan tumatirin tun yana ɗanye ya yi tabo ruwan ƙasa mai tauri da maiƙo, cikin mako guda shukar ta zube.

Ita ce dai cutar da ke cinye gonakin dankalin turawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Ɓarnar da ta yi a daminar 2022 manoman can ba su manta ba. Tumatir da dankalin turawa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kuma iska ce ke yawo da ƙwayoyinta daga gona zuwa gona har ta tsallaka katanga ta shigo miki. Don haka ko kin canza ƙasa, ko kin sayi iri mai tsada, muddin lokacin shukar bai canza ba, labarin ba zai canza ba.

Sai dai ban ga ganyen da idona ba, kuma cutar shuka ba a yanke mata hukunci daga nesa. Akwai wasu da ake rikita su da wannan. Idan shukar ta yi yaushi da rana alhali ganyenta kore shar, ba tabo, ta ɗan farfaɗo da dare, bayan 'yan kwanaki ta kwanta gaba ɗaya, to ki yanko karan daga kusa da gindi, ki rataya yankakken bakin a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ki girgiza. Ki zuba ido na 'yan mintuna. In kika ga wani farin abu yana zararowa zare-zare daga bakin karan zuwa ƙasan kofin, cutar a cikin ƙasa take, tana iya shekaru a wurin, kuma feshi ba ya taɓa ta. Wannan wuri ya haramta ga tumatir da attaruhu da gauta da dankalin turawa na tsawon lokaci, sai ki koma buhu da sabuwar ƙasa. Idan kuwa shukar ta ƙi girma, ta yi rawaya, ki tumɓuke ɗaya ki wanke saiwar. In ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka shige ta. In kuma ganye lafiya lau amma gindin ɗan tumatirin kaɗai ke yin baƙi ya loɓa, wannan ba cuta ba ce, ban-ruwa ne ba a daidaita ba, yau a cika gobe a manta. Duk wanda ya shige miki duhu, ki sa ganye da saiwa a leda a kai wa malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar Filato, PADP, da ke Dogon Dutse, ko wani tsohon ɗan lambu.

Ana iya yin tumatir da damina? Ana iyawa. A yi masa rumfar farar leda ta sama, gefe a buɗe don iska, a kafa wa kowane sanda a ɗaure, a tsinke ganyen ƙasa, a riƙa zuba ruwa a gindi kawai, a kuma yi feshin rigakafi da magani irin su mancozeb tun cutar ba ta bayyana ba, domin in ta kama ba ya warkarwa. Ƙananan tumatirin gargajiya masu tsami sun fi jurewa. Masu yi don kasuwa suna yin haka saboda lokacin ne tumatir ya fi tsada. A tsakar gida mai yara kuwa, ni ban ga riba a feshi duk mako ba.

Tsakanin ƙarshen marka da janyewar rijiya

Ki lura da 'yan lambun da ke bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukuru da Rayfield, da na fadamun Naraguta. Babban aikinsu daga ƙarshen damina yake farawa. Ke ma gurbinki ke nan, kuma rijiyarki ce ta shata miki iyakarsa: daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu.

Ki yi rainon irin tumatir a tsakiyar Satumba, cikin tsohuwar roba ko kwando da aka huda, a ƙarƙashin baranda inda rana ke shiga amma ruwan sama ba ya duka. Bayan mako uku zuwa huɗu, ya yi ganye huɗu ko biyar, sai dashe a tsakiyar Oktoba, da yamma, santimita 50 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi. Zai yi fure a Nuwamba kafin sanyin dare ya tsananta, abin da ke da muhimmanci, domin tsananin sanyin Disamba da Janairu yana rage kamun 'ya'ya. Za ki fara tsinka wajen ƙarshen Disamba, ki ci gaba har Fabrairu. Kafin rijiya ta ja baya kin gama, kuma kin tsere wa zafin bazara da tsutsar da ke zuwa da shi. Iri irin su Roma VF da UC82B ana samunsu a shagunan kayan noma, ba tsada, kuma sun saba da ƙasarmu. Ki duba ranar ƙarewar aiki a jikin fakitin. Kada ki dogara da 'ya'yan da kika matse daga tumatirin kasuwa, yawancin manyan nan haɗaɗɗen iri ne, 'ya'yansu ba sa gadon iyaye.

Gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: wannan fili ba zai ɗauke wa mutum takwas sayen tumatir na shekara ba. Gindi ɗaya da aka kula da shi yakan ba da kilo 2 zuwa 3, gindi goma ke nan kilo 20 zuwa 30 cikin wata biyu. Abu ne mai kyau, amma ba nan ribar lambun gida take ba. Ribar tana wurin abin da ake buƙata kaɗan-kaɗan kullum, abin da ke yaushi kafin a iso da shi daga kasuwa, da abin da ake yanka ya sake tohowa. Da wannan ma'auni nake zaɓar abin shuka, kuma da shi kabeji ya faɗi. Yana cin wuri, yana ɗaukar kusan wata uku bayan dashe, ya ba ki kai ɗaya tak, ga tsutsarsa mai taurin kai da ta saba da magunguna da yawa, sannan a lokacinsa kasuwar Farin Gada ta cika da shi a araha. Ki bar wa masu gona. Wurin da kai shida na kabeji za su zauna, alayyafo zai ba ki miya sau da yawa.

Abokan tumatir na rani su ne latas, karas, albasa don lawashi, koren wake da lansir. Latas ana rainonsa mako uku a dasa, kuma ba dole sai an tumɓuke ba, ki riƙa ɓallar ganyen waje ki bar zuciyar. Da zafin Maris ya shigo zai yi tsiri ya yi ɗaci, lokacinsa ya wuce ke nan. Karas ba a dasa shi, inda aka yafa nan zai zauna. Yana iya yin mako biyu bai fito ba, kada ki fid da rai, kada kuma saman ƙasar ya bushe. In ya tsiro ki rage shi, yatsa uku tsakani, in ba haka ba ganye za ki girba. Tsakuwa ko ɗanyen taki su ke sa shi ya yi ƙafa biyu ko uku. Wata uku ya isa ci. Lawashi kuwa, ƙananan albasar da suka fara tsiro a kicin ma sun isa iri.

Da damina sai ki juya ga 'yan gida, waɗanda marka ba ta tsorata su: alayyafo, yakuwa, rama, lalo, ugu, kabewa a bar ta ta hau katanga, shuwaka da ɗoɗɗoya a lungu. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa. Mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma in kika yanke sama kika bar gindi kamar tsawon yatsa zai sake fitowa. Dabarar ita ce kada a yafa duka rana ɗaya. Ɗan yanki yau, wani bayan mako biyu. Kuɓewa mai son zafi ce, ki shuka ta da ruwan farko, Afrilu zuwa Mayu, da hunturu a Jos ba ta tafiya. Attaruhu ma haka, yana jinkirin tsiro cikin sanyi, amma in ya kafu a bokiti yana iya wuce shekara yana ba ki, gindi huɗu ko biyar sun isa gida. Zogale ki sa biyu a inda ruwa ba ya kwanciya, ki riƙa datse kansa daidai ƙugu don ya yi rassa. Ruwan farko a nan yakan zo da ƙanƙara, saboda haka ƙananan tsiro su zauna inda za a iya jawo su ƙarƙashin rufi. Masu karanta wannan daga Abuja, lissafin kusan ɗaya ne, sai dai sanyinku gajere ne, latas da karas daga Nuwamba zuwa Janairu kawai, kuɓewa da attaruhu kuma sun fi jin daɗinku.

Ƙasa

Yawancin ƙasar cikin garin Jos daga ruɓaɓɓen dutse ta samu, mai tsakuwa, mai ɗan tsami, ba ƙarfi. Ba ɗaya take da jar ƙasa mai kauri ta wajajen Vom da Miango da Panyam ba. Ga shi kuma filin bayan ɗaki yawanci nan magina suka zubar da ɓaraguzai. Ki sa a haƙa zurfin santimita 30, a tsince dutse da siminti da leda. In an tarar da marmara ko fa kusa, kada a wahala, a koma buhu: buhun shinkafa a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda gindi da gefe, a cika da ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ƙaiƙayin shinkafa ko yashi kashi ɗaya. Tumatir ɗaya ko attaruhu ɗaya a buhu ɗaya, kada kwaɗayi ya sa a cusa uku. Rana tana cin buhu, da wuya ya wuce shekara. Tsohon bokitin fenti da aka wanke sosai ya fi daɗewa.

Da damina a ɗaga wurin shuka ya zama tudu, kamar taƙi ɗaya, don ruwa ya wuce. Da rani a nutsa shi ya zama fangali don ruwa ya tsaya. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ba.

Taki shi ne inda mutane suka fi cutar kansu. Kashin awaki da na shanu ana samu a 'Yan Shanu ko wurin maƙwabta masu kiwo, na kaji kuma a gidajen kaji, ya fi ƙarfi, ya fi kuma ƙona shuka. Ko wanne ne, kada ya je gindin shuka ɗanye. A tara shi a lungu tare da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa, mako shida zuwa takwas. Za ki san ya nuna idan kika tura hannu ciki ba zafi, warin ya tafi, ya koma baƙi yana marmashewa. Wannan ba don shukar kaɗai ba ne. Latas da karas ɗanye ake cinsu, ɗanyen taki kuma yana ɗauke da abin da ke sa yara gudawa da tsutsar ciki. 'Yan lambun Jos sun daɗe suna amfani da tokar bola ta gari, kuma tana sa ganye ya yi kyau, amma bolar yau ta cika da batir da roba da gwangwanin fenti, ni ba na kawo ta inda iyali za su ci. Tokar murhu ta itace zalla ita ce mai kyau, tana rage tsamin ƙasa: tafi ɗaya ko biyu a kowane murabba'in mita, sau ɗaya a shuka. Kada a haɗa ta da ɗanyen kashin kaji ko yuriya lokaci guda, ƙarfin takin zai bi iska. In kina son ƙarawa da takin zamani, NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya isa gindin tumatir, mako biyu bayan dashe, a binne shi nesa da kara kamar tsawon yatsa, a bi da ruwa.

Lissafin ruwa

Filinki zai kai murabba'in mita 30. Da rani kowane murabba'in mita yana shan lita 4 zuwa 5 a rana. In kika shuke shi duka, lita 150 ke nan, jarka shida mai lita 25, kullum, ga wanka ga wanki ga girki duk a rijiya ɗaya. Nan ne yawancin lambunan gida ke mutuwa, ana farawa da zumuɗi a Oktoba, a gaji da guga a Janairu. Fangali uku, kowanne mita 1 a mita 3, jarka biyu ke nan a rana, aikin da yara biyu za su yi kafin su tafi makaranta. Ki tsaya a nan a shekarar farko. In kika rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi kauri yatsa uku, ruwan zai ƙara raguwa sosai. Ki dai bar ɗan sarari a gindin kara, ki kuma riƙa ɗagawa kina duba gara. Ban-ruwa da safe ya fi, a gindi, a ƙoshi, maimakon yayyafi sau uku. Ki tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi har gaɓa ta biyu a bari sai gobe.

Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na wankin kayan miya duk na lambu ne, a aje bokiti a wurin. Ruwan omo da na bilic ba sa zuwa kan ganye. Ruwan kwata da na rafin da ya ratsa gari, irin Dilimi, kada ya taɓa abin da za a ci ɗanye. In da hali a tari ruwan indararo: kowane milimita ɗaya da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ne, don haka ruwa ɗaya mai ƙarfi a ƙarshen damina zai cika tanki mai lita 1,000. Wannan tanki, in aka rufe shi aka ɓoye, shi zai riƙe miki attaruhu da zogale da ƙananan itatuwa a Maris da farkon Afrilu.

Maganar mangwaro

Maigida ya yi gaskiya a wuri ɗaya, itace ya fi ganye sauƙin kulawa. Amma mangwaro in ya girma inuwarsa ta fi faɗin filin nan gaba ɗaya, saiwarsa kuma za ta nemi katanga da masai da rijiya. Bayan 'yan shekaru ba lambu, sai shara. Fiya ma haka take, duk da tana son ƙasar Jos. In da wuri a ƙofar gida ko a gona, a kafa masa mangwaronsa can, mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, zai fara ba da 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu.

Na cikin gida su ne gwanda biyu, gwaiba ɗaya, lemun tsami ɗaya, da ayaba a inda ruwan wanka ke fita. Inda za a sa su yana da muhimmanci. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu, inuwa tana faɗawa arewa. Ki fuskanci gabas, hannun hagunki shi ne arewa. Itatuwa su jeru a can, inuwarsu ta faɗa waje, fangali su samu rana. Tumatir yana son rana awa shida, ganye yana haƙuri da huɗu, saboda haka jikin katangar kudu wurin alayyafo da na'a-na'a ne.

Gwanda ita ce mai saurin biya, kusan shekara guda a sanyin nan. Ki sa tsiro uku a rami ɗaya ki jira fure. Namiji furanninsa ƙanana ne da yawa, suna reto a dogon sili. Mace nata babba ne, manne da jikin kara. Ki bar mai 'ya'ya ki sare saura, namiji ɗaya ya isa unguwa. A kan ɗan tudu ake dasa ta, in ruwa ya kwana biyu a gindinta saiwar ta ruɓe. Gwaiba shekara biyu zuwa uku, a riƙa datse ta daidai tsayin mutum. Tsutsar da ake samu a ciki ƙuda ne ke huda ta ya yi ƙwai, maganinsa a ɗaure 'ya'yan da takarda ko ledar da aka huda tun suna ƙanana, a kuma binne waɗanda suka faɗo. Lemu a sayi mai aure, a duba gaɓar auren da ido kafin a biya. Rami santimita 60 kowane gefe, a dasa a Mayu ko Yuni, gaɓar ta zauna sama da ƙasa, duk tohon da ya fito ƙasa da ita a cire, in ba haka ba uwar za ta rinjayi amaryar. Tufa tana yi a Filato, amma tana son gwani, a bar ta tukuna.

Don yaran kuwa, ki nemo tsiron sitiroberi daga masu nomansa a Chaha, kusa da Vom. Ba da ƙwaya ake shuka shi ba, da 'ya'yan da uwar ke miƙawa a jikin igiya. A dasa a Satumba ko Oktoba cikin bokiti, zuciyar daidai da saman ƙasa, kada a binne ta, kada a sa toka. Daga Disamba zuwa Maris yana ba da 'ya'ya. Ki ba kowane yaro bokitinsa, za ki ga ban-ruwa ya daina zama abin faɗa. Tsuntsaye da ƙadangaru suna riga mutum, sai an rufa raga.

Ƙwari

Wadda za ki fi tsoro a tumatir ita ce tsutsar da manoma ke kira sharon. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, a 2016 kuma ta share gonakin tumatir a Arewa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye ciki, ta bar farin tabo da ake hango haske ta cikinsa, da baƙin kashinta a ciki. Ta fi ƙarfi da zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ke kin riga kin girbe. In kin ga ganye mai alamar, ki tsinke ki ƙona. A gindi goma, ido da yatsa sun fi kowane magani: zagaye ɗaya kowace safiya, ana juya ganye.

Ga darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi, 'ya'yan dogon yaro nake amfani da su. A ɓare busassu, a daka ƙwayar, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma har ƙasan ganyen, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, yana hana su ci ne da hayayyafa, kuma ba ya ajiyuwa, wanda aka haɗa a yi amfani da shi ranar. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyaso kada su kusanci abin da za a ci, ko da wani ya ce miki ya gwada ya yi aiki. In ta kama dole sai maganin shago, a sayi wanda aka rubuta don kayan lambu, a karanta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, a cika su, a kuma ɓoye kwalbar inda yara ba sa kaiwa.

Ba ki ambaci kaji ko awaki ba, amma a Rikkos ko ba ki da su maƙwabta suna da su, kuma kaza ɗaya tana tone fangalin karas kafin a idar da sallar walaha. Raga ta waya mai tsayin mita 1 ta isa kaji in an binne gindinta kaɗan, tsofaffin buhuna da aka ɗinka a jikin sanduna ma suna yi, har su tare iskar hunturu. Akuya sai ƙofa mai sakata, kuma kowace gwanda da gwaiba a zagaye ta da nata kariyar har ta wuce bakin dabba.